Tsarin Firaminista: Me zai faru idan kujerar Ƙaraye da Rogo ce ke riƙe da gwamnati?

A ranar 14 ga Fabrairun 2024 ne wasu 'yan Majalisar Wakilai su 60, daga jam'iyyu daban-daban, suka gabatar da ƙudirin yi wa Kundin Tsarin Mulki gyara domin Najeriya ta koma tsarin Firaminista, irin wanda aka yi amfani da shi a Jamhuriya ta Farko. Shugaban marasa rinjaye na lokacin, Kingsley Chinda, yana cikin jagororin tafiyar, Abdussamad Dasuki daga Sakkwato kuma shi ne kakakinsu. Sun ce ba gaggawa suke yi ba, shekarar 2031 suke hange. A watan Maris na 2025 ƙudirin kafa ofishin Firaminista ya tsallake karatu na biyu a zauren majalisar. A Kano ma maganar ta samu masu goyon baya, ciki har da marigayi Alhaji Aminu Ɗantata, wanda ya ga wancan tsari da idonsa tun yana matashi.

Babbar hujjar da ake kafawa ita ce tsada. Sanatoci 109, wakilai 360, ministoci 45 da aka rantsar a watan Agustan 2023, ga mashawarta da mataimakan mashawarta, ga kuɗin yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa da sai an karaɗe jihohi 36. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ma'aikacin Sakatariyar Audu Baƙo ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, domin aljihunsu ya riga ya gaya musu. Sai dai akwai tambayar da ta fi ta kuɗi nauyi, wadda ba a cika tsayawa a kanta ba: a tsarin Firaminista, wa ke kafa gwamnati, wa ke rushe ta, kuma me ke hana shi sayar da wannan iko?

A ɗauki mai zaɓe a Kwanyawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Ƙaraye a yammacin Jihar Kano. A yau idan ya je rumfar zaɓe ranar zaɓen tarayya, takardu uku ake miƙa masa: ta shugaban ƙasa, ta sanatan Kano ta Kudu, da ta ɗan majalisa mai wakiltar Ƙaraye da Rogo. Yana iya dangwala wa tsintsiya a sama, ya dangwala wa alamar wata jam'iyya a ƙasa, kuma Kanawa sun daɗe da ƙwarewa a wannan salo da ake kira wake da shinkafa. A tsarin Firaminista babu takardar shugaban ƙasa mai cikakken iko. Wakilinsa kawai zai zaɓa. Wakilan ne za su taru a Abuja, duk wanda ya iya tara fiye da rabinsu a bayansa shi ne zai zama Firaminista, ya naɗa ministocinsa daga cikinsu. Ranar da rinjayen ya suɓuce masa, aka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, to ko dai ya sauka, ko a rushe majalisa a koma ga jama'a. Babu wa'adin shekara huɗu da zai fake da shi.

Wato ran gwamnati yana hannun ɗan majalisa. Saboda haka ya kamata a duba yadda kujerar Ƙaraye da Rogo ta kasance a 'yan shekarun nan.

A zaɓen 2019, Haruna Isa Dederi ne ya ci kujerar a ƙarƙashin APC. Rikicin da ya ɓarke a jam'iyyar a Kano ya sa ya kasance cikin ɓangaren Sanata Ibrahim Shekarau, kuma a 2022 ya koma NNPP yana riƙe da kujerarsa. A zaɓen 2023 Abdullahi Sani Rogo ya ci kujerar a NNPP. A watan Mayun 2025 aka karanta takardar komawarsa APC a zauren majalisa, tare da ta Kabiru Alhassan Rurum mai wakiltar Rano, Bunkure da Kibiya. Sanatan yankin, Kawu Sumaila, shi ma ya bi wannan hanya a shekarar. Kowannensu yana da dalilansa, kuma magoya bayansa za su iya zayyana su. Abin lura a nan shi ne lissafi: a zango biyu a jere, kujera ɗaya ta tashi daga wannan jam'iyya zuwa waccan, sannan ta dawo, sau biyu ba tare da an tambayi mutumin Kwanyawa ba.

A tsarin da muke kai, wannan sauya sheƙa ba ta girgiza kujerar shugaban ƙasa ko ta gwamna. Ana yin gangami, a ɗaga tsintsiya ko a sanya jar hula, washegari kowa ya koma harkarsa. A tsarin Firaminista kuwa, irin wannan takarda guda biyu ko uku ta isa ta kayar da gwamnatin tarayya a yammacin wata Talata. Duk abin da ke iya kayar da gwamnati kuwa, farashinsa tashi yake yi.

Ba sai mun tafi Ingila neman misali ba. Mun yi wannan tsari, kuma Kano tana tsakiyar labarin.

An yi zaɓen tarayya ranar 12 ga Disamban 1959 domin cike kujeru 312. Arewa ce ke da 174, Gabas 73, Yamma 62, Legas 3. Mai son kafa gwamnati yana buƙatar 157. Jam'iyyar NPC ta Sardauna ta samu 134, NCNC ta Dokta Azikiwe tare da ƙawarta NEPU suka samu 89, AG ta Cif Awolowo ta samu 73. Babu wanda ya kai. NPC ce ta fi kowa kujeru alhali ba ita ta fi yawan ƙuri'u ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne a lokacin matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a, na Kudu kuwa suna yi. Idan aka haɗa 89 da 73 za a samu 162, wato jam'iyyun Kudu biyu suna iya kafa gwamnati su bar NPC a kujerar adawa. An yi wannan zawarci, Awolowo ya nuna a shirye yake Azikiwe ya zama Firaminista. Amma tsohuwar gaba ta hana. NCNC ba ta manta da abin da ya faru a Ibadan bayan zaɓen 1951 ba, inda take ganin an janye mata 'yan majalisa aka hana Azikiwe jagorancin Yamma. Ga kuma tsoron cewa Arewa ba za ta yarda ta zauna a ƙasar da aka haɗa kai aka ware ta ba. Gwamna-Janar Sir James Robertson ya kira Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, NPC da NCNC suka ƙulla ƙawance.

Ciniki ne aka yi, kamar yadda ake yi a duk inda ake wannan tsari. NPC ta riƙe Firaminista, Muhammadu Ribaɗu ya riƙe tsaro bayan samun 'yanci, Inuwa Wada ayyuka, Maitama Sule ma'adinai da lantarki. NCNC ta samu ma'aikatar kuɗi ta hannun Festus Okotie-Eboh, Azikiwe ya zama Shugaban Majalisar Dattawa, daga baya Gwamna-Janar, sannan Shugaban Ƙasa na jeka-na-yi-ka a 1963. Awolowo ya zama jagoran adawa.

Wanda cinikin ya fi jefawa cikin tsaka-mai-wuya shi ne Malam Aminu Kano. NEPU ta shiga zaɓen ne a matsayin ƙawar NCNC, ta samu kujeru 8, Malam da kansa ya ci Kano ta Gabas. Da NCNC ta shiga gwamnati da NPC, sai 'yan Sawaba suka wayi gari a Legas suna zaune a ɓangaren gwamnati ɗaya da mutanen da suke fafatawa da su a gida, har Malam ya riƙe muƙamin mai tsawatarwa a ɓangaren gwamnati. A ƙauyukan ƙasar Kano kuwa ba abin da ya sauya. Ɗan NEPU yana nan yana fama da 'yan doka da kotun alƙali da neman izinin taro a wajen En'e, wadda manyanta su ne manyan NPC. Talakan da ya sha ɗauri saboda Sawaba bai sa hannu a yarjejeniyar Legas ba, labarinta kawai ya ji. Wannan ita ce ɗabi'ar farko ta gwamnatin haɗaka: ana ƙulla ta ne bayan an rufe akwatin zaɓe, a ɗakin da mai zaɓe ba ya shiga.

Akwai kuma wani abu da masana suka daɗe suna nuni da shi. A ƙa'idar tsarin, shugaban jam'iyya mai rinjaye shi ne Firaminista. A wurinmu shugaban NPC, Sir Ahmadu Bello, ya zaɓi ya zauna a Kaduna a matsayin Firimiyan Arewa, mataimakinsa a jam'iyya ya tafi Legas. Tsakanin mutanen biyu akwai mutunta juna, shi ya sa abin ya tafi. Amma a yi tunanin irin wannan tsari a siyasar ubangida ta yau, inda jagoran jam'iyya yake zaune a gidansa, Firaminista kuma ya san cewa da waya ɗaya za a iya janye masa 'yan majalisa 30. Gwamnan da ya saɓa da ubangidansa a yau yana da wa'adi da rigar kariya. Firaminista ba shi da ko ɗaya.

A Yamma ne wannan matsala ta fashe. Awolowo yana Legas yana jagorancin AG, mataimakinsa Samuel Ladoke Akintola yana Ibadan a matsayin Firimiya, suka saɓa a kan alƙiblar jam'iyya da batun shiga gwamnatin tarayya. A watan Mayun 1962 'yan majalisar yankin masu rinjaye suka sa hannu a takarda cewa sun janye goyon bayansu, Gwamna Sir Adesoji Aderemi, Ooni na Ife, ya sauke Akintola ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Akintola ya ce ba a sauke Firimiya da wasiƙa, sai da ƙuri'a a zauren majalisa. Da majalisar ta zauna ranar 25 ga Mayu, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Kwana huɗu bayan haka gwamnatin tarayya ta sa dokar ta-ɓaci, ta naɗa Dokta Moses Majekodunmi kantoma. Da wa'adin ya ƙare, Akintola ne ya dawo a Janairun 1963, da sabuwar jam'iyya da ƙawance da NCNC, ba tare da an yi zaɓe ba. Kotun ƙoli ta lokacin, wadda ke Landan, ta ce Adegbenro ne ke da gaskiya, sai majalisar yankin ta gyara tsarin mulkinta ta mayar da gyaran baya domin hukuncin ya zama banza. A watan Satumban 1963 aka ɗaure Awolowo shekara 10.

A wannan tsakanin 'yan AG a majalisar tarayya suka riƙa tsallakawa ɓangaren gwamnati ɗaya bayan ɗaya, har adawa ta zama kufai. NPC, wadda ta fara da 134, ta wayi gari tana da rinjaye ita kaɗai. Daga ranar da babban abokin ƙawance ya daina buƙatar ƙarami, auren ya mutu ko da ba a furta saki ba. Rikicin ƙidayar 1962 da 1963 ya ƙarasa shi, domin a wancan tsari yawan jama'a shi ne yawan kujeru, yawan kujeru kuma shi ne mulki. Aka shiga zaɓen 30 ga Disamban 1964 da sababbin ƙawance biyu: NNA ta NPC da Akintola, da UPGA ta NCNC da AG da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka. UPGA ta ƙaurace wa zaɓen a wurare da dama, Azikiwe ya ƙi kiran Tafawa Ɓalewa ya kafa gwamnati, ƙasa ta yi kwanaki babu tabbacin wanda ke mulki, sai ranar 4 ga Janairun 1965 aka sasanta. Maganin da aka samo shi ne gwamnatin kowa-da-kowa, wadda aka cika ta da ministoci da ƙananan ministoci domin a sallami kowane ɓangare. Masu cewa tsarin Firaminista ya fi araha su riƙe wannan: inda rinjaye ke bisa siraɗi, da kujerar minista ake sayen biyayya. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 da ƙone-ƙonen da suka biyo baya su ne suka share wa sojoji hanya ranar 15 ga Janairun 1966.

Wannan tarihi ne ya sa lokacin da Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin tsara kundin mulki a Oktoban 1975, ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya nuna musu cewa gwamnatinsa ta fi son shugaba mai cikakken iko wanda ƙasa duka za ta zaɓa. Daga nan aka samo sharaɗin samun kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohi, da sharaɗin ɗaukar minista daga kowace jiha. Tsada ce, babu shakka. Amma an saye wani abu da ita: babu wanda zai mulki Najeriya da ƙuri'un yankinsa kaɗai.

Adalci ne a ce tsarin Firaminista ba shi kaɗai ya kashe Jamhuriya ta Farko ba. Yankuna uku ne a farkonta, ɗaya ya fi sauran biyun a haɗe, kowace jam'iyya kuma tana da yankinta kamar gonar gado. Yau jihohi 36 ne, kuma babu jam'iyyar da ta mallaki Arewa ko Kudu. Haka nan tsarin shugaban ƙasa bai hana juyin mulkin 1983 ba. Yana ma da nasa ciwon, wanda maƙwabciyarmu Kaduna ta ɗanɗana: Alhaji Balarabe Musa ya ci gwamna a PRP a 1979, majalisar jiha tana hannun NPN, ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa har ta tsige shi a Yunin 1981. Kusan shekara biyu jiha tana tafiya babu majalisar zartarwa. A tsarin Firaminista irin wannan ba ta tasowa, domin wanda ba shi da majalisa ba zai hau kujerar ba tun farko. Ko a tarayya, Shugaba Shehu Shagari sai da ya ƙulla yarjejeniya da NPP a 1979 kafin ya samu sukunin aiki da majalisa, kuma da yarjejeniyar ta watse a 1981 gwamnatinsa ba ta faɗi ba. Ga amfanin wa'adi, ga kuma illarsa, ya danganta da ko kana son gwamnatin ko kana ƙinta.

Darasi na biyu yana ƙetaren iyaka, wajen 'yan uwanmu na Nijar, waɗanda suka gwada tsarin da ya haɗa shugaban ƙasa zaɓaɓɓe da Firaministan da majalisa ke iya saukewa. Ya kamata a kula da shi sosai, domin duk gyaran da zai bar shugaban ƙasa da wani iko a gefe guda, Firaminista a ɗaya gefen, to nan ya dosa. A 1993 jam'iyyu suka haɗu a ƙawancen AFC domin su hana MNSD mulki, duk da cewa ita ce ta fi kowace jam'iyya kujeru a majalisa mai wakilai 83. Mahamman Usman na Damagaram ya zama shugaban ƙasa, Muhammadu Isufu Firaminista. A Satumban 1994 Isufu ya yi murabus bisa zargin an rage masa iko, jam'iyyarsa ta PNDS ta koma wajen MNSD, rinjaye ya juya. Shugaba Usman ya rushe majalisa, aka yi zaɓe a Janairun 1995, 'yan adawa suka ci da ƙaramin rinjaye, dole ya karɓi Hama Amadu a matsayin Firaminista. Shekara guda aka yi ana zaman doya da manja, ana jayayya a kan wanda zai kira taron ministoci da wanda zai naɗa shugabannin ma'aikatu, har Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka ranar 27 ga Janairun 1996. Amma Nijar ɗin ce kuma ta nuna ɗaya fuskar: ranar 31 ga Mayun 2007 majalisa ta kayar da gwamnatin Hama Amadu da ƙuri'ar yanke ƙauna a kan badaƙalar kuɗin ilimi, ya sauka, aka naɗa wani, babu harbi ko ɗaya. Tun 1999 Najeriya ba ta taɓa sauke shugaban ƙasa ta hanyar majalisa ba, ba kuma don duk sun yi abin kirki ba ne.

Yanzu a ɗora wannan ma'auni a kan zaɓen 2023. Bola Tinubu ya zama shugaban ƙasa da ƙuri'u miliyan 8.79, ƙasa da kashi 37 cikin 100. A Majalisar Wakilai mai kujeru 360, ana buƙatar 181, kuma sakamakon farko bai kai APC nan ba. PDP da LP da NNPP da sauran ƙananan jam'iyyu, in an haɗa su, sun ɗan zarce ta. Da tsarin Firaminista ake yi, da Najeriya ta koma daidai inda take a Disamban 1959. NNPP, da kujerunta kusan 20 waɗanda galibinsu daga Kano suke, da ta zama amaryar da kowa ke zawarci. Da wakilin Ƙaraye da Rogo ya zama ɗaya daga cikin mutanen da za su yanke wa ƙasa hukuncin wanda zai mulke ta. Mutumin Kwanyawa yana iya cin riba a nan. Jam'iyyar da ke riƙe da makullin gwamnati tana iya gindaya sharaɗi a rubuce: a faɗaɗa noman rani a ƙarƙashin Madatsar Ruwa ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye, a gyara hanyoyin da manoman rake da masara na Rogo ke fitar da amfaninsu, in ba haka ba mu janye. Haka ƙananan jam'iyyu ke yi a ƙasashen da tsarin ya kafu. Ministan da ya yi alƙawari kuma yana zaune a zaure ɗaya da wakilin, dole ya miƙe ya amsa tambaya, ba sai an yi ta aika masa sammaci yana turo babban sakatare ba.

Amma me ya faru a zahiri? Ranar 13 ga Yunin 2023 aka zaɓi Tajuddin Abbas na Zariya Shugaban Majalisa da ƙuri'u 353. 'Yan adawar da suka yi ta shelar cewa su ne masu rinjaye sun narke tun kafin a shiga zaure, kowa ya yi nasa cinikin, akasari a kan shugabancin kwamiti. Ba jam'iyyu ne suka zauna suka yi yarjejeniya a kan manufa ba, ɗaiɗaikun mutane ne da gwamnoninsu. Ga bambancin da ke tsakaninmu da Afirka ta Kudu, inda ANC ta faɗo zuwa kujeru 159 cikin 400 a 2024, ta zauna da DA da wasu jam'iyyu aka rubuta takardar ƙawance kowa ya gani. A can kujera ta jam'iyya ce. Sun gwada barin 'yan majalisa su sauya sheƙa na wasu shekaru, suka ga ɓarnar, suka soke a 2009.

Mu ma muna da doka a rubuce. Sashe na 68 na Kundin 1999 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta tsayar da shi ya rasa kujerarsa, sai fa in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta narke cikin wata. Wannan togaciya ita ce ƙofar da raƙumi ke wucewa da kayansa, domin babu jam'iyyar da za a rasa wani ɓangare da ke iƙirarin shugabanci a cikinta, in babu ma ana iya ƙirƙira. Kuma wanda doka ta ɗora wa alhakin bayyana kujerar a matsayin wadda babu kowa a kanta shi ne shugaban majalisa, wanda sau da yawa jam'iyyarsa ce ke karɓar baƙon. Kotun Ƙoli ta taɓa yanke hukunci a shari'ar Ifedayo Abegunde na Jihar Ondo cewa rikicin reshen jiha bai isa hujja ba, sai rabuwar ta kai ga uwar jam'iyya ta ƙasa. Hukuncin ya zo ne a 2015, saura 'yan makonni wa'adin majalisar ya ƙare.

Indiya ta sha irin wannan fama, har wani ɗan majalisar jihar Haryana ya sauya jam'iyya sau uku cikin 'yan kwanaki a 1967. A 1985 suka gyara tsarin mulki: wanda ya bar jam'iyyarsa, ko ya saɓa wa umarninta wajen kaɗa ƙuri'a, ya rasa kujera. A 2003 suka ƙara da cewa ministoci ba za su wuce kashi 15 cikin 100 na 'yan majalisa ba, domin a rufe kasuwar sayen goyon baya da muƙami. Jamus kuma ta ce ba a sauke shugaban gwamnati sai majalisa ta amince da magajinsa a ƙuri'a guda, abin da ya yi nasara sau ɗaya tak, a 1982. Sai dai maganin Indiya yana da ɗaci. Idan ɗan majalisa ba zai iya saɓa wa jam'iyya ba, to duk ikon ya koma hannun wanda ke ba da tikiti. A jam'iyyunmu, inda ake rubuta sunayen 'yan takara a ɗakin otal a kira shi maslaha, hakan na nufin a ɗauke mulki daga hannun masu zaɓe miliyoyi a damƙa wa mutum biyar ko shida. An gudu ba a tsira ba ke nan, sai an haɗa da dokar da za ta tilasta zaɓen fid da gwani na gaskiya, wanda ɗan jam'iyya na Kwanyawa zai jefa ƙuri'a a ƙirga.

Akwai kuma batun birki. A tsarin Firaminista gwamnati da masu rinjaye a majalisa abu ɗaya ne, babu mai taka wa wani. Mutanen Ƙaraye sun san saurin da rinjaye ke yi idan ya ga dama. A Mayun 2019 majalisar dokokin Kano ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu cikin 'yan kwanaki, Ƙaraye ta samu sarki mai daraja ta ɗaya. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar, mai wani rinjayen, ta soke dokar, gwamna ya sa hannu a ranar. Bayan wata biyu aka dawo da masarautar a daraja ta biyu, da ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta. Ko mutum yana goyon bayan na farko ko na biyu, abin da ya bayyana shi ne majalisun jihohinmu sun riga sun zama hannun riga ga gwamna, alhali a takarda an raba ikonsu. Masu goyon bayan sauyi za su ce to ai gara a daina riya, a haɗe su, a huta da kashe kuɗi biyu. Hujja ce mai ƙarfi. Amsarta ita ce a Ingila abin da ke taka wa Firaminista birki 'yan jam'iyyarsa ne da ke tsoron mazaɓunsu, su ne suka kori Margaret Thatcher a 1990, suka sallami Liz Truss cikin mako bakwai a 2022. Ɗan majalisar da ya san cewa ba mazaɓarsa ce ta ba shi tikiti ba, ba ita zai ji tsoro ba.

Ƙudirin yana da doguwar tafiya a gabansa. Sashe na 9 ya ce sai kashi biyu bisa uku na kowane zaure na Majalisar Tarayya sun amince, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36. Sanatoci za su kaɗa ƙuri'a a kan tsarin da zai iya rage musu daraja ko ya shafe zaurensu, gwamnoni kuma za su umarci majalisunsu a kan gyaran da zai mayar da kujerarsu abin da 'yan majalisa 21 cikin 40 za su iya karɓewa a Kano a zama ɗaya. Idan maganar ta iso zauren majalisar dokokin Kano, Ƙaraye tana da wakili ɗaya, Rogo tana da ɗaya. Abin da ya kamata 'yan kasuwa da ƙungiyoyin ma'aikata su tambaye su, tun a zaman jin ra'ayin jama'a, shi ne ko gyaran ya toshe togaciyar Sashe na 68 da takwaransa na 109 da ya shafi jihohi, ko ya ɗauke hukuncin sauya sheƙa daga hannun shugaban majalisa ya ba kotu tare da ƙayyade kwanaki, ko ya iyakance yawan ministoci, kuma wa zai kira wanda zai kafa gwamnati idan aka sake samun lissafi irin na 1959.